Yadda na buge hannun malamina

Ko zan shekara arba'in a wannan aiki, ban ga ranar da zan manta da Larabar nan ta hutun ƙarshen zangon farko ba. Sati uku ke nan yau, amma har yanzu in anka ce "Ramatu" da murya mai kauri daga bayana, sai in ji gwiwoyina sun fara neman ƙasa da kansu. Madam Zainabu, shugabar cibiyarmu, ita ta ce in rubuta abin da ya faru saboda ku sababbin mataimaka da za ku kama aiki bayan hutu. Ta ce in tsara shi kamar darasi. Ni dai zan faɗe shi yadda ya same ni. In kun yi dariya ba komi, rabin garin Tawa sun riga ku.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai taɓa shigowa ba. Cibiyar ɗaki guda ce, da ordinatar, wato kwamfuta, goma sha biyu, biyu daga ciki ba sa tashi sai an lallashe su. Lokacin karatu ɗaliban kwaleji da na lise, wato ƙaramar sakandare da babba, ke zuwa da yamma. Lokacin hutu kuwa malamai ake kawo mana daga ƙauyuka, wajen Takanamat, Tebaram da Bambeye, su yi kwana biyar. Litinin kunnawa da kashewa da riƙe suri, wato ɗan abin nan da ake turawa bisa tebur kibiya ta motsa. Talata rubutu. Laraba ajiya: yadda ake buɗe dosiye, wato jakar tara takardu a ordinatar, yadda ake sa abu a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, a ɗauko shi, yadda ake sharewa. Alhamis intanet da imel. Juma'a a ba kowa takardarsa. Madam ke tsayawa gaba tana bayani, ni kuma monitiris ce, ina zagayawa bayan kujeru ina duba wanda ya ɓata. Ilimina duka bai wuce bepese ba, wato jarrabawar gama kwaleji, da shekara biyu a lise, da wata uku na koyon ordinatar. Wata biyar ke nan da fara aikina, kuma kafin wancan satin ina ganin kaina wata tsiya ce.

Ran Litinin da safe Madam ta miƙo min jerin sunaye in kira. Ina zuwa na bakwai na tsaya cak. Mushe Ilyasu.

Shi ya koyar da ni ajin ƙarshe na firamare a Bambeye; Mushe kuwa lakabi ne daga Faransanci, haka muke kiran malami namiji. Yana da regil, wato rula, ta katako, baƙa wuluk don tsufa. In ka yi kuskure a dikte, wato shifta, sai ka haɗe kan yatsunka biyar ka miƙa, kuskure ɗaya bugu ɗaya. Bai taɓa ƙara ko ɗaya don fushi ba, bai kuma taɓa rage ko ɗaya don kuka ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da yawan kuskure. Yanzu shi ne direkta na wata kwalejin ƙauye can gaba da Tebaram. Gemu ya yi fari, ga tabarau ɗaure da zare a wuya, amma muryar tana nan yadda na bar ta.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ba ɗiyar Malam Isa mai ɗinki ba ce?"

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na durƙusa tsakanin kujeru gaban malamai goma sha ɗaya, gwiwata ta fizge waya, ordinatar ta huɗu ta mutu nan take. Madam ta matso ta ce min a kunne, "Nan ba a durƙusawa, Ramatu, wayoyi gare mu a ƙasa."

Litinin da Talata na yi su ina kewaye ordinatar ta bakwai, inda yake zaune, kamar akwai kunama ƙarƙashinta. Sauran ba su ba ni wahala ba. Akwai Mushe Agali, wani dogo mai rawani daga wajen Takanamat, wanda in kibiya ta kai ƙarshen allo sai ya ɗaga suri sama yana nuna mata hanya. Shi na kan ce masa kai tsaye, "Mushe, sauke ta ƙasa, ba tsuntsuwa ba ce," mu yi dariya. Akwai Madam Hasiya, uwa babba, mai danna harafi ɗaya ta ce bisimilla. Ita ma ina gyara mata ba fargaba. Amma in na zo bayan Mushe Ilyasu sai in ƙara sauri, idona na kan silin.

Ran Laraba wajen ƙarfe goma anka kira Madam taro. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Awa biyu ne kawai. Kin san darasin, kopiye da sharewa. Riƙe min su." Na ce to, har da ɗan murmushi na wadda ta isa.

Ga wanda bai sani ba, in ka danna dosiye da maɓallin dama na suri, jerin kalmomi ke fitowa. Biyu daga ciki suna zaune ɗaya saman ɗaya, kupe da kopiye. Kopiye ya bar maka naka inda yake, ya ba ka irinsa ka kai wani wuri. Kupe kuwa ɗauke shi yake ɗungum daga inda yake. Na yi wannan bayani gaban allo sau biyu, da kyau ma, ni da kaina na ji daɗin muryata. Na ce kowa ya gwada ɗauko abu daga kile ya ajiye bisa allon ordinatar. Muna da kile uku na gwaji, ana ta miƙa wa juna.

Mushe Ilyasu bai jira na gwaji ba. Ya sa hannu aljihun ƙirji ya fiddo ƙullin leda ɗaure da roba, ya warware a hankali, sai ga kile ja. Ya ɗaga ta ya ce wa ɗakin, "Kun ga wagga? Ɗiyana talatin da takwas ke ciki, 'yan ajin bepese. Sunayensu, hotunansu, hoton takardun haihuwarsu." Ya ce wani matashin malami ne ya yi wata guda yana haɗa su da tasa ordinatar, sannan anka canza masa wurin aiki zuwa can gabas, ya tafi da kayansa. Takardun haihuwa kuma an maida wa iyaye, da yawansu makiyaya ne, sun bi dabbobi. Gobe Alhamis kafin azahar zai miƙa kilen a biro, wato ofishin jarrabawa, ranar ƙarshe ke nan. Ya ce, "Da ita zan koya, don gobe in sun tambaye ni in buɗe musu da hannuna."

Abin da ya kamata in ce a nan, ko ɗalibin da ya yi sati ɗaya da mu ya san shi: ba a gwaji da abin da ba a da irinsa biyu. Na buɗe baki na ce, "To, Mushe."

Ya sa kile. Ya danna dosiye. Jerin ya fito. Ina tsaye bayansa, idona biyu, na ga layin shuɗi ya sauka kan kupe, ba kopiye ba. Yatsansa na kan suri. Ya waiwayo ya ce, "Haka ne, Ramatu?"

Wallahi a cikin kaina na ce a'a. Na ji ta sarai. Amma kan yatsuna biyar sun riga sun haɗe da kansu a bayan zanena, abin da ya fito bakina shi ne, "Haka ne, Mushe."

Ya danna. Ya ajiye dosiyen bisa allo. Ya yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba shekara guda da na yi ajinsa. Ya zare kile ba tare da ya sake duba cikinta ba, ya naɗe ta a leda, ya ɗaure da roba, ya maida aljihu, har da ɗan bubbuga aljihun. Kile wofi. Yara talatin da takwas suna zaune bisa allon ordinatar ta bakwai, shi kuma yana tsammanin suna ƙirjinsa.

Nan na ƙulla dabara, kuma ku ji wauta, har alfahari na yi da ita. Na ce in anka fita sallar azahar zan kwafe dosiyen a tawa kile, daga baya in ce masa, "Mushe, a ba ni taku in duba ko ta kwaso cuta," in maida masa abinsa ba wanda ya sani. Shi bai ji kunya gaban ƙananan malamai ba, ni kuma ban ce wa malamina ya yi kuskure ba. Daga hantsi har azahar ina zagaya ɗaki ina koyar da sharewa, ido ɗaya na kan ordinatar ta bakwai. Da na zo bayanin kwandon shara, wanda duk abin da anka share ke faɗawa ciki kafin a zubar da shi gaba ɗaya, gumi nake yi alhali kowa na cikin rigar sanyi.

Anka kira salla. Madam ba ta dawo ba. Mutane sunka fara fita. Na sa hannu a jaka na kama tawa kile, sai na ji, "Ramatu, cika min buta."

Monitiris ba ta cika buta, ba ya cikin aikinmu, ku rubuta wannan ku ajiye. Amma ɗiyar Malam Isa ta karɓa da hannu biyu. Famfon tsakar gida ba ruwa. Na tsallaka gidan maƙwabta, matar gidan kuwa ba ta ba da ruwa sai ta gaishe ka, ta gaida iyayenka, ta tambayi sanyi, ta tambayi ko har yanzu ba a sa rana ba. Na dawo da gudu, ruwa na zuba a ƙafata.

Ba ya kan tabarma tare da sauran. Na leƙa ɗaki, yana zaune gaban ordinatar ta bakwai, ya ce zai ɗan maimaita darasi kafin ruwa ya zo. A bangon da ke gabansa kuwa akwai takarda, da rubutun hannuna, da bik ja, wato jan alƙalami, na ja layi biyu ƙarƙashinta: kafin ka tashi, ka share duk abin da ka ajiye a ordinatar cibiya, ka zubar da kwandon shara. Sauran malamai ba wanda ya taɓa karanta ta. Mushe Ilyasu bai taɓa ganin doka a bango ya wuce ta ba.

Dosiyen ba ya bisa allo. Kwandon shara na buɗe. Ɗan akwati ya fito yana tambaya da Faransanci ko a share gaba ɗaya, wi ko non. Kibiya na kan wi. Yatsansa ya ɗaga. Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Haka ne ko?"

Buta ta faɗi. Daga ƙofa zuwa teburinsa taki huɗu ne, ban tuna ko ɗaya ba. Na tuna dai ƙarar. Ba taɓawa na yi ba, ba turewa ba, bugu ne irin wanda ake yi wa akuya in ta sa baki a ƙwaryar gero. Suri ta tashi ta daki bango ta dawo tana lilo a wayarta. Tabarau ya zame daga hancinsa, zare ya riƙe shi. Kuma ban tsaya nan ba, sai da na ƙara da ihu, "Kai! Kar ka taɓa!"

Kai na ce masa. Ni.

Abin da na fara dubawa shi ne allo. Akwatin na nan, bai danna ba. Sannan na duba ƙofa. Duk sun taru, wasu da ruwan alwala a gemu. Madam Hasiya ta ɗora hannu biyu a ka. Ba mai motsi. Mushe Ilyasu yana kallon bayan hannunsa kamar wani ne ya ba shi aro.

Mushe Agali ne ya fara magana, a hankali daga cikin rawani. "Madmazel, wanga yana cikin tsarin Laraba? In haka ne a faɗa mini tun wuri, ni gobe ina da uzuri."

Ba wanda ya yi dariya sai shi, shi ma ya haɗiye ta.

Suri na can tana lilo, da maɓallan rubutu na zaɓi non. Na fiddo dosiyen daga kwando na maida shi bisa allo. Na ce, "Mushe, a ba ni kile." Muryar kamar ta ɗan tsako. Ya warware roba, ya warware leda, ya miƙo. Na sa ta na buɗe. Fari fat, ko ɗigo babu. Na matsa gefe don ya gani da idonsa. Ya maida tabarau, ya kai fuskarsa kusa da allo, ya daɗe yana kallon wofin nan.

Na yi kopiye, na sa dosiyen a tasa, na sa a tawa. Ya ce in buɗe. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, leɓɓansa na motsi, har na talatin da takwas. Madam Hasiya kuwa ta samo tsumma tana tare ruwan buta kada ya kai wayoyi, tana ta salati ƙasa-ƙasa.

Sai ya juyo da kujera. "Tun yaushe kilen nan take wofi?"

"Tun hantsi, Mushe."

"Kin gani lokacin da na yi?"

"Na gani, Mushe."

"Na kuwa tambaye ki."

Gwiwoyi sunka fara aikinsu, ya ce, "Tsaya tsaye, madam ɗinku ta ce akwai wayoyi." Na miƙe.

Ya ce, "Shekara guda kinka yi a ajina. Ran da kinka yi kuskure goma sha ɗaya a dikte guda, na ce miki haka ne?"

"A'a, Mushe."

"Da na ce miki haka ne, da yau kina nan?"

"A'a, Mushe."

"Da kin ƙara minti guda wajen ɗebo ruwan nan, da gobe na shiga biro na buɗe musu kile wofi, yara talatin da takwas su zauna gida shekara guda, cikinsu har da 'yan mata da iyayensu ba za su ba su wata shekarar ba. Duk don kada ki ce wa tsoho ya kuskure." Ya ɗaga hannun, wurin ya fara yin ja. "Wanga bai dame ni ba. Rashin ladabin tun hantsi kinka yi shi."

Ya tashi ya ari butar Mushe Agali ya fita.

Ni kuma na shige ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye da matattun ordinatoci, na yi kuka har da majina. Can Madam ta same ni, Madam Hasiya ta riga ta ba ta labari tun daga bakin ƙofa. Ta fara dariya har sai da ta zauna bisa kwali, sannan ta share ido ta ce, "Da ya danna, da ni da ke ba mu da bakin magana a garin nan. Kuma laifin ba nasa ba ne, shi koyo ya zo." Na ce ta sallame ni kawai in koma Bambeye. Ta ce, "Ki koma ina? Wanke fuskarki, saura darasin yamma."

Bambeye ma ba ta jira ni ba. Alhamis da sassafe Inna ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu. "Ramatu, mi nike ji? An ce kin mari Mushe Ilyasu har hularsa ta faɗi."

"Inna, ba mari ba ne, hannu ne kawai."

"Hannun ba jikinsa ba ne?"

"Inna, yara ne za su rasa jarrabawa."

"Yaran kinka buga ko shi? Babanki ya ce zai nemi mota ya je ya ba da haƙuri. Abin da ake koya muku ke nan a ordinatar?"

Ranar Mushe Ilyasu bai zo da safe ba, yana biro. Duk ƙarar babur da na ji a waje sai in leƙa ƙofa. Wajen sha ɗaya ya shigo, muna tsakiyar darasin imel. Ya yi sallama, ya ce wa Madam an karɓi dosiye, talatin da takwas cif, kuma shi ya buɗe musu da hannunsa. Sannan ya zo teburina, ya buɗe jakarsa, ya fiddo wani abu ya ajiye gabana. Regil ce. Ita ce dai, baƙar nan, har da ɗan tsagin da ke gefenta. Ashe har yau tana yawo da shi.

Ya ce, "Riƙe wagga zuwa Juma'a. Bugu da hannu yana sa ciwo, ni na sani."

Wannan karon ɗakin duka ya fashe, Mushe Agali har da tura hannuwansa cikin riga.

Ya zauna, Madam ta buɗe masa adireshin imel, ta ce kowa ya aika wa sauran gaisuwa. Na zo wucewa bayansa, na ce yau ba zan kalli silin ba. Na duba. Ya rubuta gaisuwa mai kyau, ba kuskure ko ɗaya, a ƙarƙashinta kuma ya rubuta lambar sirrinsa ɓaro-ɓaro, wai don kada ya manta, yana shirin aika wa mutum goma sha ɗaya. Ban sani ba ko da gangan ya yi, har yau ban sani ba. Ya waiwayo ya ce, "Haka ne, Ramatu?"

Yatsuna sunka haɗe a baya kamar kullum.

Na ce, "Ba haka ba ne, Mushe."

Ya ce, "To nuna min."

Na nuna masa. Gwiwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe, ba zan ɓoye muku ba, amma ban fizge waya ba.

Abin da zan ce muku, ku da za ku fara, shi ne mutanen da za a kawo muku duk sun girme ku. Wasu sun koyar da ku, wasu sun san iyayenku, wani ma ya halarci sunanku. A gida an koya mana in babba ya ce haka ne, mu ce haka ne, kuma ba na cewa ku bar gaisuwa ko ku daina sauke murya. Amma wanda ya baro ƙauyensa ya zauna gaban abin da bai sani ba, da farin gemunsa, ya waiwayo ya tambaye ku, amsa yake nema. Ku faɗa masa tun hantsi, da baki, tun abin bai kai ga hannu ba. Kuma duk wanda ya warware leda ya fiddo kile daga aljihun ƙirji, ku kwafe ta kafin ya gama ba ku labarinta.

Ran Juma'a na kai masa regil da hannu biyu. Ya ce in bar ta nan, wai cibiya ta fi shi buƙata. Tana cikin aljihun teburin monitiris, na hagu. Ban taɓa kowa da ita ba, kuma in zan ɗauki bik a aljihun, har yanzu da sauri nake rufewa.